Finafinan Kevin Feige a Bakin Masu Sharhi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya kalli fim ɗin Marvel har ƙarshe ya ga sunan Kevin Feige a jerin masu shiryawa. Daga 2008 zuwa 2025 kamfanin Marvel Studios da yake shugabanta ya fitar da finafinai 37 waɗanda labarinsu ke sarƙe da juna, kuma sun tara sama da dala biliyan 30 a gidajen sinima. Kuɗin kam babu gardama a kansa. Inda ake kai ruwa rana shi ne ingancin aikin, da abin da masu sharhin fim suka ce a kai. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wane ne Kevin Feige, kuma me ya sa ake ɗora masa yabo da zargi alhali ba shi ne darakta ba?

Ba'amurke ne, an haife shi a Boston a 1973, ya yi karatun fim a jami'ar USC da ke Los Angeles. Ya fara da yi wa furodusa Lauren Shuler Donner hidima, kuma ta wannan hanya ya shiga aikin X-Men na 2000 a matsayin ƙaramin furodusa. A shekarar ce Marvel ta ɗauke shi aiki a ƙarƙashin Avi Arad. A 2007 aka damƙa masa ragamar shirya finafinan Marvel Studios.

A al'adar sharhin fim, darakta ake kallo a matsayin mai aikin. A Marvel abin ya sha bamban. Daraktoci suna zuwa suna tafiya, amma Feige ne ke tsara wane fim zai biyo wane, wane jarumi zai mutu, wane zai leƙo a fim ɗin wani. Daraktan da bai yarda da tsarin ba, hanya a buɗe take. Patty Jenkins ta bar fim ɗin Thor na biyu a 2011, Edgar Wright ya ajiye Ant-Man a 2014 bayan ya shafe shekaru yana aiki a kansa, Scott Derrickson kuma ya janye daga Doctor Strange na biyu a farkon 2020. Shi ya sa idan mai sharhi ya ce "salon Marvel", da Feige yake.

Idan aka ce fim ya samu kashi 94 a Rotten Tomatoes, me hakan ke nufi?

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, don haka bari mu ɗan daɗe a kai. Shafin Rotten Tomatoes yana tattaro sharhin 'yan jarida da marubuta, ya raba shi gida biyu kawai: wanda ya yaba da wanda ya kushe. Lambar da kake gani ita ce yawan waɗanda suka yaba a cikin ɗari. Idan ta kai 60 sai a saka wa fim jan tumatir, idan ta gaza sai a ce ya ruɓe. Shafin bai damu da ƙarfin yabon ba. Wanda ya ce fim ɗin ya girgiza shi da wanda ya ce "ba laifi, za a iya kallo" ƙuri'arsu ɗaya ce. Kamar gidan abinci ne da mutum ɗari suka ci, 94 suka fita ba su yi ƙorafi ba: wannan ya nuna mai girkin ba ta ɓata miya, amma bai nuna girkinta ya fi na kowa a gari ba.

Metacritic kuwa maki yake ba kowane sharhi sannan ya fitar da matsakaici, kuma a can lambobin Marvel sukan sauko. Iron Man yana da kashi 94 a Rotten Tomatoes amma maki 79 a Metacritic. Avengers: Endgame shi ma 94 a can, 78 a nan. Akwai na uku, CinemaScore, wanda ba ruwansa da 'yan jarida: 'yan kallo ake tara a ƙofar sinima a daren farko a Amurka, su ba fim maki daga A+ zuwa F.

A ganina wannan bambanci shi ne mabuɗin duk maganar. Ƙwarewar Feige ta shekara goma sha ɗayan farko ita ce bai bari fim ya faɗi ƙasa warwas ba. Ma'aunin Rotten Tomatoes kuma irin wannan ƙwarewa yake saka wa da alheri. Lambobin da ke wannan shafi sukan motsa da ɗaya ko biyu idan an ƙara sabon sharhi.

Tun farko masu sharhi sun yi na'am da shi?

Kafin ya samu cikakken iko, sunansa yana cikin masu shirya finafinan da aka yi wa ca sosai, irin su Elektra da Fantastic Four na 2005. A lokacin wasu kamfanoni ne ke riƙe da haƙƙin jaruman, shi wakilin Marvel ne kawai a wurin.

Iron Man na 2008 ne ya canza lissafi. Robert Downey Jr. ɗan wasa ne da shaye-shaye ya taɓa kai shi gidan yari, kuma ɗora masa babban fim kasada ce. Masu sharhi sun fi yaba wasansa da zafin bakinsa a kan faɗace-faɗacen. Roger Ebert, wanda ya fi kowane mai sharhi suna a Amurka a zamanin, ya ba shi tauraro huɗu cif. Shi dai Ebert ɗin, da Thor ya fito a 2011, tauraro ɗaya da rabi ya ba shi. The Incredible Hulk da Thor: The Dark World sun tsaya a wajen kashi 66 zuwa 67, su ne na ƙasa a wancan zamani, amma ko su sun tsallake layin 60.

Wani abu da ya faru a 2012 ya nuna irin zaman da za a yi nan gaba. A. O. Scott na jaridar New York Times ya rubuta sharhi mai sanyi a kan The Avengers, yana yaba hirar jaruman amma yana kukan hayaniya da faɗan da ba ya ƙarewa. Samuel L. Jackson, wanda ke fitowa a matsayin Nick Fury, sai ya hau Twitter ya ce wa masoya Scott yana buƙatar sabon aiki, a taya shi nema. Masoya suka yi masa rubdugu. Fim ɗin ya samu kashi 91, ya tara dala biliyan 1.5, Scott kuma ya ci gaba da aikinsa a jaridar har shekara goma bayan nan.

Wane fim nasa ne ya fi samun yabo?

Black Panther na 2018, wanda Ryan Coogler ya ba da umarni. Kashi 96 a Rotten Tomatoes, maki 88 a Metacritic, A+ daga 'yan kallo, sama da dala biliyan 1.3 a sinima. Shi ne fim ɗin jarumai masu baiwa na farko da ya shiga takarar gwarzon fim a Oscar, kuma da yake furodusa ake ba wannan kyauta, sunan Feige ne a takarar. Bai ci ba, amma fim ɗin ya ɗauki uku cikin bakwai da ya nema: Ruth E. Carter ta ci ta sutura, Hannah Beachler ta tsara wuraren ɗaukar fim, Ludwig Göransson ta kiɗa. Göransson ya je Sanagal ya bi Baaba Maal yawon wasa kafin ya rubuta kiɗan, kuma muryar Baaba Maal ce ake ji lokacin da jirgin T'Challa, jarumin fim ɗin, ke shiga ƙasarsa Wakanda. Da Saudiyya ta sake buɗe sinima a Afrilun 2018 bayan shekara 35, wannan fim aka fara haskawa a Riyad.

Abin da masu sharhi suka fi riƙewa shi ne bos ɗin fim ɗin, Killmonger, wanda Michael B. Jordan ya taka. Hujjarsa tana da ƙarfi: me ya sa ƙasa mai arziki da makamai za ta ɓoye kanta tana kallo ana bautar da baƙar fata? Da wuya ka ga fim ɗin Marvel da ɗan kallo zai fito yana gardama da abokinsa a kan wa ke da gaskiya tsakanin jarumi da bos.

Sai dai ba kowa ya tafa ba, kuma sukar da ta fi nauyi daga baƙar fata ta fito. Masanin falsafa Christopher Lebron ya rubuta a mujallar Boston Review cewa fim ɗin ya mayar da baƙin Ba'amurke mai fafutukar 'yanci mugu, ya kuma mayar da farin jami'in CIA abokin kirki. Patrick Gathara, marubuci ɗan Kenya, ya rubuta a Washington Post cewa Afirkar da aka nuna har yanzu ta tunanin Turawa ce: ƙasa mafi ci gaban kimiyya a duniya, amma da kokawa a bakin ruwa take zaɓar sarki. Mai kallo daga arewacin Najeriya yana da nasa abin lura. Tun farkon fim ɗin an rubuta dajin Sambisa a fuskar allo, ga 'yan bindiga da mata a bayan mota, shekara huɗu kacal bayan sace 'yan matan Chibok. T'Challa ya diro daga sama ya gama da su cikin 'yan mintuna, ya ɗauki masoyiyarsa Nakia ya wuce bikin naɗinsa. Bala'in da ya raba miliyoyin mutane da gidajensu ya zama ƙofar shiga labarin wani. Wasu sun ji daɗi an tuna da abin, wasu sun ga an yi wasa da shi, kuma ni na fi karkata ga na biyun.

Me Martin Scorsese ya faɗa da ya tayar da ƙura haka?

A Oktoban 2019, wata shida bayan Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8, mujallar Empire ta tambayi wannan fitaccen daraktan Amurka ra'ayinsa a kan finafinan Marvel. Ya ce ya gwada kallo, amma wannan ba sinima ba ce, abin da ta fi kama da shi shi ne wurin wasan lilo da shaƙatawa. Darakta Francis Ford Coppola, a wani bikin fim a birnin Lyon na Faransa, ya ce Scorsese ma ya yi sassauci, shi abin ƙyama yake ganinsu. Darakta Ken Loach na Ingila ya ce haja ce kawai ake yi don riba.

A Nuwamba Scorsese ya yi dogon bayani a New York Times, kuma wanda ya karanta zai ga maganarsa ta fi yadda ake yawo da ita zurfi. Ya yarda cewa ƙwararru ne ke yin finafinan. Kukansa biyu ne. Na farko, babu kasada a cikinsu: an auna kasuwa, an gwada a kan 'yan kallo, an gyara an sake gyarawa har komai ya yi sumul. Na biyu, sun cika gidajen sinima har sauran finafinai ba sa samun ɗaki. Shi kansa Netflix ce ta ɗauki nauyin fim ɗinsa The Irishman a shekarar.

Feige ya amsa ba tare da zafi ba. Ya ce abin takaici ne, ya kuma kawo hujjar cewa sun haɗa manyan jarumansu biyu faɗa da juna a Civil War, sun kashe rabin jaruman a ƙarshen Infinity War. Hujjar tana da rauni, domin waɗanda suka zama toka a 2018 sun dawo a 2019, kuma kowa ya san za su dawo tunda an riga an sanar da finafinansu na gaba.

Waɗanne ƙorafe-ƙorafe ne suke maimaituwa ko a cikin sharhin yabo?

Bos maras tasiri shi ne na farko. Idan ka cire Loki, Killmonger da Thanos, da wuya mai kallo ya tuna sunan abokin gabar da aka yi awa biyu ana yaƙa. Sai ƙarshen fim, wanda kusan kullum yaƙi ne a sararin sama da rundunar da kwamfuta ta zana. Ko Black Panther bai tsira ba: faɗan ƙarshe a kan layin jirgin ƙasa na cikin rami ya sha suka saboda kamar wasan bidiyo yake. Akwai kuma barkwancin da ake jefawa daidai lokacin da zuciyar mai kallo ta fara karyewa, da launin hoto mai toka-toka, da kiɗan da ba ya zama a kunne. Na ƙarshe, kowane fim rabinsa tallar na gaba ne.

Duk waɗannan suna cikin sharhin 2012 da 2015 da 2017. Masu sharhin sun faɗa, sannan suka ba da ƙuri'ar yabo domin jaruman sun burge su.

To yaushe aka fara juya masa baya?

Nuwamban 2021, da Eternals. Finafinai 25 sun wuce babu wanda ya ruɓe, sai wannan ya tsaya a kashi 47. Abin mamakin shi ne daraktar, Chloé Zhao, ta ci Oscar na gwarzon darakta a Afrilun wannan shekarar. Masu sharhi sun ce jarumai goma sun yi wa fim ɗaya yawa, kuma salon Zhao na natsuwa da tsarin Marvel sun kasa zama a inuwa ɗaya.

Daga nan aka shiga hawa da sauka. Spider-Man: No Way Home ya samu 93 wata ɗaya bayan Eternals. Taika Waititi, wanda Thor: Ragnarok nasa ya samu 93 a 2017, ya dawo da Love and Thunder a 2022 ya samu 63. Ant-Man and the Wasp: Quantumania na 2023 ya faɗi zuwa 46, The Marvels ya tsaya a wajen 62 kuma ya tara dala miliyan 206 kawai, mafi ƙaranci a tarihin kamfanin. Captain America: Brave New World na 2025 shi ma bai kai 50 ba, 'yan kallo kuma suka ba shi B-, makin da babu fim ɗin Marvel Studios da ya taɓa samun ƙasa da shi.

Me ya jawo? Masu sharhin ne suka gaji?

Ruwa ba ya tsami banza. Daga 2008 zuwa 2019 finafinai 23 aka yi. A 2021 da 2022 kaɗai an fitar da finafinai 7 da shirye-shirye masu dogon zango 8, domin Disney, wadda ta sayi Marvel a 2009 kan kusan dala biliyan 4, tana son cika manhajarta ta Disney+. Tsarin da ya dogara ga idon mutum ɗaya ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Masu aikin dabarun kwamfuta sun fito suna kukan canje-canjen da ake kawo musu a ƙurarren lokaci, kuma a 2023 waɗanda ke aiki kai tsaye da Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago. Shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, da bakinsa ya amsa a 2023 cewa yawan ya rage ingancin, a 2024 kuma ya ce za a koma fim biyu zuwa uku a shekara.

Akwai kuma abin da ba a hannun kowa yake ba. Tony Stark, wato Iron Man, ya mutu a labari, Steve Rogers, wato Captain America, ya tsufa, Chadwick Boseman da ya taka Black Panther kuma ya rasu da gaske a Agustan 2020. Jonathan Majors, wanda aka gina sabon zango a kansa a matsayin bos Kang, kotu ta same shi da laifin cin zarafi a Disamban 2023, Marvel ta sallame shi a ranar.

Maganar gajiya ba ta da ƙarfi sosai. A tsakiyar wannan faɗuwa Guardians of the Galaxy na uku ya samu 82, shirin Ms. Marvel, na yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan, ya samu 98. Tsofaffin aibobin ne suka fito fili da jaruman da ke rufe su suka tafi.

Gaskiya ne Disney tana sayen masu sharhi?

Wannan zargi ya yi ƙarfi a 2016, lokacin da Batman v Superman na DC, abokiyar hamayyar Marvel, ya samu kashi 29, Civil War kuma 90. Wasu masoyan DC har takardar koke suka buɗe a intanet suna neman a rufe Rotten Tomatoes. Abin dariyar shi ne a lokacin Warner Bros., uwar DC, tana da kaso a kamfanin da ya mallaki shafin, Disney kuwa ba ta da shi. Kuma da a ce saye ake yi, da Eternals bai ruɓe ba.

Dabara kam ana yi, ba sai da cin hanci ba. Kamfani ne ke zaɓar waɗanda za su fara kallo da ranar da za su fara magana. Mujallar Vulture ta nuna a 2023 yadda Quantumania ya fara da kashi 79 daga sharhin farko, aka sayar da tikiti, fim ya buɗe da dala miliyan 106 a Amurka, sannan lambar ta gangaro cikin arba'in da wani abu. A mako na biyu cinikin ya ragu da kusan kashi 70.

Ra'ayin masu sharhi yana tafiya daidai da na 'yan kallo?

Sau da yawa, amma ba kullum ba. Deadpool & Wolverine na 2024 ya samu 78, yabo mai ɗari-ɗari, ya tara sama da dala biliyan 1.3. Thunderbolts na 2025 ya samu 88, bai kai dala miliyan 400 ba. Makin 'yan kallo na intanet shi ma a riƙe shi da hannu biyu. A 2019 wasu da ke jin haushin Brie Larson, jarumar fim ɗin, sun cika shafin Captain Marvel da suka kafin fim ɗin ya fito, har sai da Rotten Tomatoes ta hana yin sharhi kafin ranar fitowa, daga baya ta fara tantance waɗanda suka sayi tikiti.

Venom, Morbius da Madame Web fa?

Ba nasa ba ne. Na kamfanin Sony ne, wanda ke riƙe da haƙƙin Spider-Man da danginsa, ko da yake tambarin Marvel yana fitowa a farkonsu. Morbius ya samu kashi 15, Madame Web 11. Haka nan yabon Logan na Fox ne, na The Dark Knight na Warner ne.

Wani ɗan wasa ya taɓa cin Oscar da fim ɗin Feige?

A'a. Angela Bassett ce kaɗai ta taɓa shiga takara, da rawar Sarauniya Ramonda a Wakanda Forever na 2022, kuma Jamie Lee Curtis ce ta ɗauka. A wannan fim Ruth Carter ta ci Oscar ɗinta na biyu, waƙar da Tems ta Najeriya ta taya Rihanna rubutawa kuma ta shiga takara. A ɓangaren DC kuwa Heath Ledger da Joaquin Phoenix duk sun ci, kowannensu da rawar Joker.

Zuwa ƙarshen 2025, ina aka kwana?

Finafinansa biyu na ƙarshe a 2025, Thunderbolts da The Fantastic Four: First Steps mai kashi 86, sun dawo masa da masu sharhi. An yaba musu don labarinsu ya tsaya da ƙafarsa, ba sai ka kalli shirye-shirye goma kafin ka gane ba. 'Yan kallo ne ba su dawo da yawansu na da ba, domin Fantastic Four ya ɗan haura dala miliyan 500 ne kawai. Tun kafin nan Feige ya riga ya koma ga tsofaffin hannu. A taron Comic-Con na San Diego a Yulin 2024 wani mutum ya fito kan dandamali da koriyar alkyabba da fuskar ƙarfe, ya cire, sai ga Robert Downey Jr., wannan karon a matsayin bos, Doctor Doom. 'Yan'uwan Russo da suka yi Endgame su ne daraktoci, an kuma saka wa Avengers: Doomsday ranar 18 ga Disamban 2026.